Kundin aikin zaman wasan kwaikwayo na mata ta waya a lokacin kullen korona, Makka da Jidda

Asabar, 28 ga Maris 2020

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin ƙungiyarmu zai gudana tun da haɗuwa ido da ido ta gagara. Kusan shekara guda ke nan muna taruwa duk ranar Talata a falon wata dattijuwa a Makka, mu goma sha biyu har da ni, muna amfani da wasan kwaikwayo wajen sauke abin da ya yi wa zuciya nauyi. Yawancin matan abincinsu ya rataya ne a kan baƙin Allah: akwai masu dafa tuwo da dama fura domin alhazai, akwai masu sayar da turare da hijabi, akwai kuma masu yi wa tsofaffi rakiya. Tun da aka dakatar da shigowar masu Umara daga waje a ranar 27 ga Fabrairu, aka kuma dakatar da ta mazauna ƙasar a ranar 4 ga Maris, kasuwarsu ta mutu murus. An kafa dokar hana fita ta dare a ranar 23 ga wannan wata, sannan aka hana shiga Makka da fita daga cikinta, ni kuwa a Jidda nake zaune.

Tsarin da nake bi shi ne wanda likitan ƙwaƙwalwa Jacob Moreno ya aza harsashinsa a Biyana, babban birnin Ostiriya, kafin ya koma Amurka a 1925, wato zama mai kashi uku: sharar fage, sannan wasan kansa, sannan kowa ta faɗi abin da wasan ya taɓa mata a rai. Duka ukun sun dogara ne da jiki da fili, domin a falo mace takan tashi ta tsaya a bayan 'yar'uwarta ta zame mata inuwa, ta furta abin da ita ta kasa furtawa. Tambayar da ke gabana ita ce abin da zai rage daga wannan aiki idan an matse shi cikin fuskar waya.

Juma'a, 3 ga Afrilu

Tun ranar 30 ga Maris aka rufe wasu unguwannin Makka ba dare ba rana, ciki har da Misfala da Nakkasa da Hosh Bakar, inda mata biyar daga cikinmu suke zaune, jiya kuma dokar ta game Makka da Madina gaba ɗaya. Na kira kowa ɗaya bayan ɗaya. Tara sun amince a gwada ta waya, biyu sun ce a yi musu uzuri. Abin da na fi maimaita musu shi ne umarnin da Sarki Salman ya bayar ranar 30 ga Maris, cewa maganin korona kyauta ne ga kowa, har da wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ko ba shi da ita, da kuma lambar ma'aikatar lafiya, 937. Na lura cewa tsoron zuwa asibiti ya fi tsoron cutar ƙarfi a zukatan wasu daga cikinsu, saboda haka sai da na faɗa sau biyu ko uku kafin hankali ya kwanta.

Tun da kiran murya na WhatsApp ba ya aiki a nan, na zaɓi Zoom. Jikokin matan ne suka sauke musu manhajar, na kuma aika saƙon murya da Hausa mai bayanin inda za a taɓa.

Talata, 7 ga Afrilu

Zaman farko. Daga jiya Jidda ma ta shiga kullen sa'a 24, saboda haka dukanmu a ɗaure muke. Mutum bakwai suka shigo, amma ba a yi wasa ko na minti ɗaya ba. Rabin lokacin ya tafi a kan gaisuwa, wadda ban yi ƙoƙarin taƙaita ta ba domin sun yi wata guda ba su ga juna ba, sauran rabin kuma ya tafi a kan “kina ji na?” da “Malama, hotonki ya tsaya”. Na manta cewa tsarin kyauta yana rufe taro bayan minti 40, sai kawai muka ga kowa ta ɓace ana tsakiyar addu'a. Dawo da su ya ɗauki minti ashirin, biyu kuma ba su dawo ba.

Wani abu da ban hango ba shi ne batun kamara. Dattijuwar da muke taruwa a falonta, wadda kowa ke kira Inna, ta ce ba za ta buɗe fuskarta ba, domin ba ta san wane namiji ne zai gitta ta bayan wata ya leƙa wayar ba. Gaskiyarta ne, kuma ya kamata a ce ni na fara tunanin haka. Mun tsayar da ƙa'ida uku: wadda za ta kunna kamara ta sa hijabi, babu ɗaukar murya ko hoto, kuma kowa ta nemi iyafis.

Asabar, 11 ga Afrilu

Na biya kuɗin tsarin wata-wata, dala 14.99, kusan riyal 56. Na tura wa mata shida katin waya na riyal 50 kowacce domin data, jimilla riyal 300 ban da haraji. Mun mayar da zama sau biyu a mako, Talata da Asabar, bayan La'asar.

Talata, 14 ga Afrilu

Na'ura ta ba da haɗin kai yau, amma zaman bai yi armashi ba, kuma sai da dare na gane dalili. Na buƙaci kowa ta faɗi abu ɗaya da ya fi damun ta a wannan mako, kamar yadda muka saba farawa a falo, sai amsoshin suka zo iri ɗaya: “Alhamdu lillahi, sai godiya.” Matar da a da takan yi magana har sai an tsayar da ita, yau kalma huɗu ta furta.

Bayan Isha'i ta aiko mini da saƙo a rubuce. Ta ce, “Malama, ki yi haƙuri, mu tara ne a ɗaki biyu, maigidan yana zaune a gefena, surukata kuma tana bayan labule.” Iyafis yana hana a ji abin da ake faɗa mata, amma ba ya hana a ji abin da ita take faɗa. A falon Inna, ƙofa ce take yi mana rabin aikin ba mu sani ba, domin da zarar an rufe ta kowa ta san maganarta ba za ta fita ba. Yanzu kowace mace tana zaune ne a tsakiyar mutanen da take so ta yi magana a kansu. Tambayar da na yi musu kai tsaye ba ta da amsar da za a iya bayarwa a irin wannan wuri, saboda haka kuskuren nawa ne.

Asabar, 18 ga Afrilu

Na sauya dabara. Ban tambayi kowa halin da take ciki ba, sai na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” suka amsa da dariya, “Ta zo mu ji ta.” Na fara da cewa Sarki ya yi shela kada kowa ya fita, Gizo da Ƙoƙi suna cikin ɗaki ɗaya da 'ya'yansu, rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Daga nan na miƙa wa Inna, ita ma ta ƙara jimla biyu ta miƙa wa ta gaba.

Kafin labarin ya zagayo, Gizo ya riga ya zama mai faɗa a kan gishirin miya, ya ɓoye 'yan kuɗin da suka rage a cikin hularsa, Ƙoƙi kuma tana tashi cikin dare tana ƙirga mudun shinkafa. Matar da ta aiko mini da saƙo ranar Talata ita ce ta karɓi matsayin Ƙoƙi, ta yi magana ta kusan minti biyar da muryar wasa, tana faɗa wa Gizo abin da ba na zaton ta taɓa faɗa wa kowa. Wanda yake zaune a gefenta tatsuniya kawai ya ji. Mu da muka san ta mun ji sauran.

A littattafan wannan fanni ana bayanin amfanin tazara tsakanin mutum da labarinsa, cewa idan abin ya yi kusa da yawa yakan shaƙe mai shi, idan ya yi nisa da yawa kuma ba ya taɓa shi. Na karanta wannan tun ina ɗaliba, amma ban taɓa tunanin tazarar za ta zama sutura daga kunnen mutanen gida ba. Daga yau duk aikinmu zai bi ta bakin wani: Gizo, Ƙoƙi, Ɓotorami, ko kayan ɗaki.

Talata, 21 ga Afrilu

Mun gwada kayan gida. Kowa ta ɗauko abu ɗaya ta riƙe a gaban kamara ta yi magana da bakinsa. An kawo ludayi, buta, carbi da makullin ƙofa. Makullin ya ce ya gaji da zaman banza. Wata ta kawo tukunyar da take dafa wa alhazai tuwo, ta ce da muryar tukunyar, “Wata biyu ban ga wuta ba,” sannan ta yi shiru, muka bar ta da shirunta.

Lahadi, 26 ga Afrilu (3 ga Ramadan)

An sassauta dokar da rana a sauran garuruwa, ban da Makka. Bayan La'asar lokacin girki ne yanzu, saboda haka mun koma ƙarfe 10 na dare, sau ɗaya a mako.

Talata, 5 ga Mayu (12 ga Ramadan)

Inna ce ta kawo shawarar a yi tashe, tun da azumi ya wuce goma. Ta ce rabonta da ganin tashe tun tana yarinya a Kano, kafin iyayenta su taho da ita. 'Yan matan biyu da aka haifa a Makka, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba su taɓa jin kalmar ba, sai da aka yi musu bayanin yadda yara suke bin gida-gida da dare suna kwaikwayon manya, ana ba su sadaka.

A nan na koyi wani abu game da na'urar. Waƙa tare ba ta yiwuwa, domin murya tana isa kowace waya a lokaci daban, manhajar kuma tana fifita murya ɗaya ta danne sauran, saboda haka tafi da amshi suka zama hayaniya. Mafitar da muka samu ita ce mai bayarwa ta rera, mace ɗaya tak ta amsa a bayyane, sauran su rufe makirufo su amsa a ɗakunansu, a riƙa juyawa. Mun yi Tsoho da Gemu, Inna ta ɗaura audugar da ta ciro daga matashi a haɓarta. Sannan suka ƙirƙiro nasu, na wani mai magani da yake yawo da kwalbar wanke hannu yana cewa tana maganin bashi da kishiya. Ban taɓa jin sun yi dariya irin ta yau ba, kuma a karon farko yaran gidajen sun leƙo sun shiga amshi. Wannan ya karya ƙa'idar sirri, amma na ƙyale na dare ɗaya, na kuma bayyana musu cewa mako mai zuwa za a koma yadda aka saba.

Talata, 12 ga Mayu

Ba a yi wasa ba. Mijin ɗaya daga cikinmu, wadda ƙananan suke kira Gwaggo, ya rasu a asibiti ranar Lahadi bayan kwana tara da kwantar da shi. Ba ta gan shi ba tun ranar da motar asibiti ta ɗauke shi, ba ta ga gawarsa ba, kuma babu zaman makoki. Mun yi masa addu'a, kowa ta yi mata ta'aziyya da bakinta, muka rufe.

Litinin, 25 ga Mayu

Jiya aka yi Sallah a cikin kullen sa'a 24 na ƙasa baki ɗaya, wanda zai kai 27 ga wata. Gaisuwar minti talatin kawai muka yi. Na tura kati ga mata biyar.

Talata, 2 ga Yuni

Yau na yi kuskure mafi girma tun da muka fara, kuma zan rubuta shi dalla-dalla domin kada in sake.

Gwaggo ta dawo zama tun makon jiya, bayan ta tambayi malaminta ya ce takaba ba ta hana ta magana da mata daga cikin ɗakinta. Yau ta ce ba ta son Gizo, tana so ta yi magana da Alhaji da kansa, kuma 'ya'yanta sun fita tsakar gida sun bar mata ɗakin. Akwai dabarar kujerar da babu kowa a kanta, inda mutum yake fuskantar kujera ya faɗa wa wanda ba ya nan abin da bai samu faɗa ba. Na sha yin ta a falo. Na ce ta ajiye hularsa a kan matashi ta jingina wayar a inda za mu gan ta.

Ta fara a hankali, ta ce, “Alhaji, ban yi maka sallama ba.” Ta nemi gafararsa a kan wata magana da ta faɗa masa da safen ranar da aka tafi da shi. Kuka ya ci ƙarfinta, ni kuma ina shirin in ce ta koma wurin hular ta amsa wa kanta da bakinsa, wanda shi ne matakin da yakan kawo sauƙi, sai hotonta ya tsaya, sannan ya ɓace. Datarta ce ta ƙare. Na kira layinta sau huɗu ba ta ɗauka ba, kuma sai a lokacin na tuna ba ni da lambar kowa a gidan. Ga mata bakwai a gabana, wasu suna kuka, ni kuma hankalina ya rabu biyu. Sai bayan minti ashirin da biyar Inna ta samu maƙwabciyar Gwaggo ta waya, ita kuma ta ƙwanƙwasa musu bango ta sa babbar 'yarta ta shiga wurinta.

A falo, da an kai wannan gaɓa da tuni mace biyu sun riƙe ta. Na buɗe rauni a wurin da hannuna ba ya kaiwa, ban duba ko datarta za ta kai ƙarshen zama ba, ban kuma tanadi wanda zai shiga wurinta ba. Ga shi rasuwar ba ta cika wata guda ba, wanda shi kaɗai ya isa ya sa in ce mata mu dakata.

Alhamis, 4 ga Yuni

Na yi magana da Gwaggo ta waya kusan sa'a guda. Ta ce, “Malama, kada ki ɗora wa kanki, ni na roƙa.” Na gode mata, amma roƙonta bai sauke mini alhakin ba. Ta ce daren Talata ba ta runtsa ba, jiya kuwa ta yi barci. Na kuma tattauna da wata abokiyar aiki da ta girme ni a wannan fanni, wadda ba ta sassauta mini ba ko kaɗan.

Sababbin ƙa'idoji: kowace mace ta ba ni lambar mutum ɗaya da ke cikin gidanta ko maƙwabtanta, kowa ta duba data da caji kafin a fara, ba za a shiga aiki mai zurfi ba bayan an ci rabin lokaci, minti goma sha biyar na ƙarshe na tuɓe rigar wasa ne, wato kowa ta ajiye abin da ta riƙe, ta faɗi sunanta, ta ambaci abu uku da take gani a ɗakinta, ta sha ruwa. Kujerar da babu kowa kuma na ajiye ta sai ranar da muka koma falo. Na ƙara musu da lambar 1919 ta kai rahoton cin zarafi a cikin gida, na faɗe ta ga kowa gaba ɗaya domin kada wata ta ji kamar da ita ake.

Talata, 9 da 16 ga Yuni

Zama biyu ba tare da matsala ba. Mun koma bayan La'asar. Gwaggo ta zaɓi ta zama mai kallo, ranar 16 kuma ta karɓi matsayin maƙwabciyar Ƙoƙi mai kawo cefane.

Talata, 23 ga Yuni

An ɗage dokar hana fita ranar Lahadi, masallatan Makka kuma sun buɗe, amma jiya aka sanar cewa Hajjin bana na mutane ƙalilan ne daga cikin mazauna ƙasar, babu mai zuwa daga waje. Ga matan nan wannan yana nufin ribar shekara guda ta tafi, domin abin da ake samu a watan Hajji shi ne ake biyan kuɗin haya da shi, a kuma aika wa dangi a gida. Mutum huɗu kawai suka shigo yau, sauran sun fita neman abin yi.

Da waɗanda suka zo muka gwada wani salo, inda ake buga matsala har ta cije, sannan a tsaya, mai shawara ta karɓi matsayin ta gwada tata hanyar. Matsalar ita ce Ƙoƙi za ta je wurin mai gida ta nemi a ɗaga mata kuɗin haya. An buga ta sau uku. Ta farko ta yi ta roƙo har ta ba da tausayi, ta biyu ta yi faɗa, ta uku kuwa ta zo da lissafi, ta ce ga abin da za ta iya biya yanzu, ga watan da za ta cika. Ba ni na ce ta uku ta fi ba, su suka faɗa, ɗaya kuma ta ce gobe za ta gwada a kan nata mai gidan.

Talata, 7 ga Yuli

Harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari tun 1 ga wata, kuma ya shafi katin waya. Abin da na kashe daga Afrilu zuwa yau: riyal 168 na manhaja, wata uku, da kusan riyal 900 na kati, da riyal 60 na iyafis huɗu. Aljihuna ba zai ci gaba da ɗaukar wannan ba. Inna ta kawo shawarar a yi asusu, mai hali ta sa riyal 10 a wata, marar hali kada a tambaye ta. Wadda ta ce za ta je wurin mai gidanta ta je, ya ɗaga mata wata biyu.

Talata, 4 ga Agusta

An yi Arfa ranar Alhamis, Sallah ranar Juma'a, kuma matan da suka saba kwana a tsaye a wannan mako sun kalli Hajji a talabijin daga gidajen da ke tafiyar ƙafa da Harami. Yau mutum takwas suka zo, muka rufe zango na farko. Na buƙaci a ƙarasa tatsuniyar da muka fara ranar 18 ga Afrilu, amma suka ƙi, Gwaggo ta ce Gizo bai biya bashin da ke kansa ba tukuna.

Shirin zango na biyu: hutun mako uku, sannan mu dawo ranar 25 ga Agusta, sau ɗaya a mako, har yanzu ta waya, domin Inna tana da ciwon sukari kuma ba zan tara mutane a falonta ba. Zan raba ƙungiyar gida biyu na minti ashirin a kowane zama ta amfani da ƙananan ɗakunan manhajar, babbar 'yar Inna ta riƙe ɗaya bayan na koya mata ƙa'idojin tuɓe riga. Mata uku daga Jidda sun nemi shiga, kuma zan gana da kowacce ita kaɗai ta waya kafin in amsa, in tambaye ta mutum nawa ne suke kwana a ɗakin da za ta zauna. Asusun ya tara riyal 70, kuɗin manhaja na wannan wata kuma zai fita ranar 11.